Haruffan Ban Tsoro a Bangayen Kafanchan

Idan hunturu ya sauka a Kudancin Kaduna, aka tone citta, aka shiga watan da bukukuwa suke bin juna tun daga Kirsimeti har zuwa bikin Afan da mutanen Kagoro suke yi ranar 1 ga Janairu, da wuya ka sami katangar makaranta, ko turken lantarki, ko bangon tashar mota a Kafanchan wanda ba a manna masa takarda ko an rataya masa bana ba. Wannan na kiran jama'a zuwa taron addu'a, wancan zuwa wa'azi, wani gasar ƙwallo, wani casun samari, wani kuma tallar maganin gargajiya. A cikin wannan cunkoso akwai wani zubin haruffa da ya yi yawa a 'yan shekarun nan har ido ya fara sabawa da shi, wato haruffan nan karkatattu masu kaifin baki, waɗanda ake yi wa jan launi, a bar ƙasansu yana ɗiga kamar an tsoma yatsa cikin jini an rubuta. A kan waɗannan haruffa nake so mu yi nazari, domin lamarin da mutane da yawa suke ɗauka ado ne kawai, ni a ganina yana da nauyin da ya kai a tsaya a auna shi.

Malaman balaga tun da can sun kafa ƙa'ida cewa kyawun zance shi ne ya dace da halin da ake ciki da kuma wanda ake yi wa shi, ta yadda kalmar da ta yi daidai a wurin ɗaurin aure za ta iya zama rashin ladabi a zaman makoki, alhali ba a canza mata ko wasali ɗaya ba. To, rubutu ma haka yake, gama siffar harafi ita ce muryarsa, kuma mai karatu yana jin wannan murya tun kafin ya kai ga fahimtar ma'ana. Magabata sun san haka sarai. Ibn Muƙla, wazirin Abbasiyawa a Bagadaza wanda ya rasu a 940 Miladiyya, bai shahara da komai ba kamar yadda ya shahara da sanya wa haruffan Larabci mizani, inda ya auna tsayin alif da adadin ɗigon bakin alƙalami, sa'an nan ya auna sauran haruffa da alif ɗin. Mu ma a ƙasar nan, duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san cewa hannun da ake rubuta darasin yau da kullum da shi daban, zayyanar da ake yi wa allon mai sauka kuma daban, kuma babu malamin da zai yarda a cakuɗa su. Kafanchan kanta, wadda ta zama mahaɗar layin dogo a 1927 lokacin da layin da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da na Jos, ta fara ganin boko a allunan reluwe, masu haruffa miƙaƙƙu marasa ado, waɗanda aka yi su don matafiyi ya karanta daga taga jirgi bai gama tsayawa ba. Kowane hannu da aikinsa.

Su kuwa waɗannan haruffa masu ɗigar jini, asalinsu sananne ne. A Amurka akwai daren da ake kira Halowin, 31 ga Oktoba, al'adar da baƙi daga Ayalan da Sikotilan suka shigar da ita a ƙarni na 19, inda yara suke yin shigar fatalwa da mayu, a fafe kabewa a yi mata idanu da haƙora, su bi gida gida ana ba su alewa. Daga wannan dare, da kuma fostocin finafinan ban tsoro, aka sami wani salon rubutu wanda maƙasudinsa shi ne ya ba ka tsoro kaɗan ya ba ka dariya kaɗan. Da kwamfuta ta zo, sai aka zuba irinsa a cikinta. Akwai wanda ake kira Chiller, akwai kuma ɗan'uwansa mai barkwanci Jokerman, duka biyun wani Bature ɗan Ingila, Andrew Smith, ya zana su a 1995, kuma saboda kamfanin Microsoft ya haɗa su cikin manhajojinsa na ofis, sai suka shiga kusan kowace kwamfuta da ta iso Nijeriya ba tare da kowa ya nema ba. Zuwansu kuma ya yi daidai da lokacin da finafinan kaset na kudancin ƙasar nan, tun daga Living in Bondage na 1992, suka cika kasuwa da labaran tsafi da kuɗin jini, don haka ido ya riga ya sami wurin ajiye su. Yaron da ya koyi manhajar zane ta CorelDRAW jiya, ya buɗe jerin haruffa ya ga wanda ya fi kowanne ihu, me zai hana shi ɗauka?

Kada wani ya zaci ina gaba da wasa da tsoro. Ko kusa. Ɗan Adam tun yana ƙarami yana da sha'awar ya tsorata a wurin da ya tabbata babu abin da zai same shi, kuma al'ummar da ta san tarbiyya takan tanadar masa wannan wurin. Tatsuniyoyinmu cike suke da Dodo, wanda yake haɗiye mutum da shanunsa amma Gizo ya yi masa wayo. Idan azumi ya kai kwana goma, yara sukan fita tashe da gemun auduga da fuska shafe da gawayi ko alli, a yi dariya a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. A ƙasar Atyap da maƙwabtansu an daɗe da sanin Abwoi, wanda Hausawa suka kira dodo, kuma ko da yake shi ba wasan yara ba ne, abin lura a cikinsa shi ne yana da lokacinsa, da wurinsa, da dattawan da suke riƙe da linzaminsa. Saboda haka idan ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta za ta nuna labarin Dodo, ko marubuci ya fitar da littafin tatsuniyoyi, ko gidan kallo zai haska fim ɗin aljanu, haruffa masu rawa da zaro ido sun sami muhallinsu, kuma wanda ya sa musu miƙaƙƙun haruffan takardar kotu shi ne ya yi kuskure. Abin da nake ƙi shi ne a saki wannan murya ta bi gari ba linzami.

Dalilina na farko shi ne tarihin garin. Ba'amurken da ya zana jini yana ɗiga daga harafi don daren alewa, ya yi shi ne ga mutanen da suka ɗauki abin almara. Kafanchan kuwa ta ga na gaske. Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi a watan Maris na 1987 ya bazu har Zariya da Kaduna da Funtuwa. A watan Afrilu na 2011, bayan zaɓe, an yi asarar rayuka, babbar kasuwar garin ta ƙone. Ƙauyukan da ke kewaye kuma sun sha binne 'ya'yansu a shekarun da suka biyo baya. Babu gidan Musulmi ko na Kirista a wannan yanki da ba shi da wanda yake tunawa. A irin wannan gari, inda unguwa take kallon unguwa da sauran ɗar-ɗar a zuci, bana mai faɗin bango wadda aka rubuta kalmar yaƙi ko wuta ko halaka a kanta da jan harafi mai ɗiga, ko da mai ita yana nufin yaƙi da Shaiɗan ne, tana faɗa wa maƙwabcin da ya wuce a kan babur wani abu dabam, domin shi bai tsaya ya karanta ƙananan layukan da ke ƙasa ba, launi da siffa kawai ya gani. Niyya tana da matsayinta a wurin Allah, amma bango ba ya bayyana niyya.

A nan wajibi ne in faɗi gaskiya ga ɓangarorin biyu, da yake kowa yana da kaso. Fostocin tarukan kuɓutarwa na wasu majami'u, masu alkawarin karya ƙulle-ƙullen maƙiya, su suka fi yawan amfani da waɗannan haruffa. Amma masu tallar maganin sihiri da aljanu da sunan ruƙiyya ba a bar su a baya ba, har da hoton ƙoƙon kai da maciji a gefen sunan Allah. Ina tambayar shugabannin addinan biyu, cikin girmamawa, shin wanda yake kiran mutane zuwa ga rahama da natsuwa ya dace ya ari muryar fim ɗin fatalwa? Talakan da ciwo ya dame shi, ko matar da ta daɗe ba ta sami haihuwa ba, sun riga sun zo da tsoronsu; ƙara musu wani a ƙofar shiga ciniki ne da raunin bayin Allah, ko da wanda ya buga takardar bai yi nufin haka ba. Haka nan 'yan jarida da masu shafukan Facebook da suke sa irin wannan harafi a kanun labarin kisan gaske, su sani cewa sun mai da makokin wani gida tallar fim.

Dalili na biyu ya fi na farko ɓoyuwa, amma illarsa tana iya kai wa ga rai. Wannan yanki ƙasar noma ce, daga Kachia zuwa Kwoi zuwa Kagarko citta ce abin tinƙaho, kuma babu manomin da ba ya ta'ammali da maganin feshi. A jikin kwalaben da suka fi haɗari akwai jan layi da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, alamar da aka yi ittifaƙi a kanta a duniya don wanda bai iya karatu ba ma ya gane cewa mutuwa ce a ciki. Irin wannan gargaɗi ne a jikin taransifoma. Ƙarfin alamar yana cikin ƙarancinta. Idan yaro ya tashi yana ganin ƙoƙon kai da jan rubutu a fostar casu, da kwalin askin zamani, da rigar 'yan ƙwallon unguwa, to ranar da ya gan su a jikin kwalba a bayan rumbu ba za su ce masa komai ba. Mun kashe kaifin gargaɗi a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Na taɓa zama a wani shagon buga takardu a garin ina jiran aikina, sai ga wata dattijuwa, shugabar wata makarantar renon yara, ta zo a yi mata fostar bikin ƙarshen zango. Saurayin da ke kan kwamfuta, yaro mai ladabi da saurin hannu, ya rubuta sunan makarantar, ya zaɓa masa harafin nan mai ɗiga, ya cika shi da ja, ya juyo da fuskar na'urar yana murmushi. Ta gyara tabarau ta duba, ta ce, "Haba ɗana, ai sai iyaye su ɗauka yanka aka yi a makarantar." Ya ce, "Mama, shi ake yayi yanzu, shi ya fi jan ido." Ta ce, "Ni ba ido nake nema ba, iyaye nake so su zo da 'ya'yansu." Ya sauya mata da wani mai kumburarrun haruffa kamar balan-balan, kowa ya huta. Yaron ba mugu ba ne. Abin da ya rasa shi ne wanda zai koya masa tambayar da tsofaffin masu rubutun allo suke fara yi kafin su buɗe gwangwanin fenti. Na ga yadda irin waɗannan dattawa suke aiki: a shafa wa zare alli, a ɗaure shi a gefe biyu na allon, a ja a saki ya bar layi, a zana harafin da fensir a ja da baya a duba, sa'an nan a tsoma buroshi, ana sirka fentin da kananzir. Kafin duk wannan sai sun tambaye ka wa zai karanta, daga wane nisa, a tsaye ko a guje. Wahalar aikin ita take tilasta musu tunani, gama wanda zai yini a kan kalma biyar ba zai zaɓi siffarsu da wasa ba. Kwamfuta ta ɗauke wahalar, mun gode, amma ta tafi da tambayar.

Ga wanda aikinsa ya cancanci harafin wasa da ban tsoro, akwai abubuwan da hankali da gwaji suka tabbatar. Irin wannan harafi na kanu ne kawai, kalma biyu ko uku, kuma guda ɗaya ya isa takarda. Rana da lokaci da wuri da kuɗin shiga kuwa a rubuta su da harafi mai sauƙi, domin su ne abin da mutum zai riƙe ya tafi da shi. A buga gwaji a manna a bango, a koma tsallaken titi a duba, in lambar 1 ta rikiɗe ta zama 7 to an yi asarar takarda. A tuna kuma cewa ja a kan baƙi, wanda yake haske a fuskar kwamfuta, yakan dushe ya haɗe idan ƙurar hunturu da rana suka yi mako suna dukansa. Yaron gari da kakarsa su ne alƙalai: in yaron ya yi dariya, kakar ba ta ɗaure fuska ba, an dace.

Sai kuma wata matsala wadda ta fi ci mini rai a matsayina na mai rubutu da Hausa. Waɗannan haruffa na aro an zana su ne don Turanci da 'yan'uwansa, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsu. Idan ka buga su, ko dai kwamfuta ta nuna maka akwati fanko, ko ta aro harafin daga wani zubi ya tsaya a tsakiyar kalma baƙo, don haka masu shago suka zaɓi su yar da lanƙwasar gaba ɗaya, ƙasa ta koma kasa, ɓata ta koma bata. Waɗannan lanƙwasoshi ba a banza aka same su ba. A shekarun 1930 aka tsayar da su a Zariya, zamanin Rupert East da Hukumar Talifi, kuma da su jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta yi ta fita tun daga 1939 a hannun Abubakar Imam har suka zauna a idon jama'a. Harsunan yankin ma abin ya shafe su, domin Tyap da Jju suna da wasula masu layi a ƙarƙashi waɗanda harafin aro bai san da zamansu ba. Ashe ke nan duk lokacin da muka zaɓi adon wani, muna biya da ƙa'idar rubutunmu.

Abin takaicin shi ne, in ana maganar zane mai ban tsoro da ban sha'awa a lokaci guda, Kudancin Kaduna ba ta da buƙatar aro daga kowa. A ƙauyen Nok da ke ƙasar Jaba aka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928 wajen haƙar kuza, kuma wajen 1943 aka sami shahararren kan nan da ake kira da sunan Jama'a, wanda wani ma'aikacin ma'adinai ya kafa a gonar doyarsa don korar ɓarna kafin ya kai ga hannun Bernard Fagg, mutumin da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952. Duk wanda ya tsaya gaban waɗannan kawuna, masu shekaru fiye da 2000, ya san abin da nake nufi: idanu masu kusurwa uku, ƙwayar ido a huje, baki a buɗe kaɗan kamar zai yi magana, gashi a tufke cikin tsari. Suna sa tsigar jiki ta tashi, amma babu ɗigon jini ko ɗaya a cikinsu, kwarjini ne zalla. Mai zanen da ya zauna ya fitar da harafi daga wannan ido da wannan huji zai ba mu abin da ba a taɓa gani ba.

Kuma an riga an share hanyar, a cikin garin nan. Uche Okeke, wanda aka haifa a 1933 ya rasu a 2016, ɗaya daga cikin manyan masu zane da Nijeriya ta yi, a Kafanchan ya yi ƙuruciyarsa, a makarantar St. Peter Claver ya yi firamare, kuma a nan ya buɗe cibiyar al'adu a ƙarshen shekarun 1950, wadda daga baya ta zama Cibiyar Asele. Yana ɗalibi a Zariya ne shi da abokansa, irin su Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, bisa ra'ayin cewa a karɓi kayan aikin Turawa amma a zuba musu ruhin gida. Shi kansa ya koma ga zanen uli da matan Ibo suke yi a jiki da bango, ya ɗauki alƙalami da tawada ya zana dodanni da aljanun tatsuniyoyin mutanensa, halittu masu ƙahoni da faratai da idanu a warwatse, waɗanda suke ba da tsoro suna ba da dariya, kuma yau suna rataye a manyan gidajen adana zane na duniya. Ɗan Kafanchan ne ya yi wannan, da hannu, tun kafin a haifi waɗanda suke danna Chiller a yau.

Saboda haka shawarata ga malaman zane na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da hukumar reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, ita ce su nemo tsofaffin masu rubutun allo da suka rage a garin tun suna da ƙarfin riƙe buroshi, su zaunar da su tare da ɗalibai da samarin shagunan buga takardu, a biya su haƙƙinsu, a zana cikakken jerin haruffa na wasa wanda aka ciro daga kawunan Nok, da zayyanar allo, da zanen ƙwarya, da adon da ake yi wa manyan motoci. A sa ɓ da ɗ da ƙ a ciki tun ranar farko, manya da ƙanana, tare da wasulan Tyap da Jju da Hyam bisa shawarar masu rubutu da waɗannan harsuna. Mai da zanen hannu ya zama harafin kwamfuta ba gagara ba ne a yau. Ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta riga ta yi haka da rubutun ajami irin na Kano, ta fitar da zubin da ta kira Alkalami, kowa yana saukewa kyauta. Idan aka gama, a raba shi ga kowane shagon buga takardu daga Kafanchan zuwa Zonkwa da Kwoi da Kachia, tare da takarda guda mai bayanin inda ya dace a sa shi da inda bai dace ba, kuma kwamitin shirya bikin Afan ko na Tuk-Ham na ƙasar Jaba ya zama na farko da zai buga fostarsa da shi.